Giyabos ma yana numfashi

Jama'a, shirinmu na wannan mako ya leƙa Ingila ne, wajen tsofaffin motocin tseren nan masu kujera biyu, irin su MGB da aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, da Triumph TR da Austin-Healey. Masu riƙe da su har yau kukansu ɗaya: duk inda aka ajiye mota sai an tarar da ɗigon mai a ƙasa. A canza sil, a canza gaskit, bayan wata biyu yoyo ya dawo. Sau da yawa laifin ba na sil ba ne. Wata 'yar kafa ce a saman giyabos, wadda ba ta kai kaurin fensir ba, ta toshe.

Ka san mai ba ya cika giyabos. Yana kwance ne a ƙasa, sauran wurin kuwa iska ce. Idan mota ta yi tafiya, haƙoran giya suna kaɗa man, ya yi zafi, iskar ma ta yi zafi. To iskar da aka kulle, in ta tashi daga digiri 20 zuwa 80, ƙarfin matsinta yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sil kuwa an yi shi ne don ya tare mai, ba don ya riƙe matsi ba. Shi ya sa aka bar wannan kafa ta numfashi, da 'yar hula a kanta. In ta toshe, iska za ta nemi hanya ko ta halin ƙaƙa, ta tura mai ta sil na baya wajen farfela, ko ta na gaba. Na gaban nan shi ne tashin hankali, domin mai zai iya kaiwa ga faifan kuloci, kuma a MGB ba ka canza kuloci sai ka fito da inji ɗungurungum.

Abin ya fi tsanani a motocin da ke da obadiraif. Wannan wani ƙaramin akwati ne da ake ɗaurawa a bayan giyabos, na tsohon kamfanin Laycock na Sheffield, bisa fasahar Edgar de Normanville. Direba ya taɓa makunni kawai, juyin inji ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar, mota na kan gudunta, inji ya huta, fetur ya yi auki. Amma da me yake aiki? Da mai. Akwai ɗan famfo a cikinsa da ke matsa man, shi kuma ya tura wani kuloci mai siffar mazurari. Kuma man nan ɗaya ne da na giyabos, tukunya guda suke sha. Ke nan duk ɗigon da ya zuba a ƙasa, daga rabon obadiraif aka ɗebe. Mai na raguwa, famfo zai fara zuƙar iska, sai ka ji obadiraif na shiga yana fita, ko ya ƙi shiga sam. Mutum ya yi ta zargin waya da makunni, alhali ƙishirwa ce ke damunsa. In aka ci gaba a haka, fatar kulocin ta ƙone.

Me ke toshe kafar? Ƙura da maiƙo, su haɗu su zama kamar kwalta. Wani lokaci kuma mai gyaran ne da kansa: ya wanke giyabos tas, ya fesa fenti, ya shafe kafar da shi. Tana can sama, a matse ƙarƙashin daɓen mota, ido ba ya kai gare ta, shi ya sa ake mantawa.

Gyaran ba wuya. Ka fara goge kewayenta don kada datti ya faɗa ciki, ka cire ta, ka wanke da kananzir, ka hura ka ji iska na wucewa. Sannan ka duba mai mota na tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri. Kada ka ce bari in ƙara ya yi yawa don tsaro. Mai in ya wuce ƙa'ida kumfa yake yi, ya yi ta amai ta kafar. Kuma ka zuba irin wanda littafin motar ya ce. MGB, alal misali, baƙin mai na inji ake zuba wa giyabos ɗinta.

Ko da ba ka taɓa ganin MGB ba, tsohuwar Land Rover ko Peugeot 504 da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina ita ma giyabos ɗinta numfashi yake yi, ga ƙurar hunturu ta ishe shi. Da damina kuma wata matsalar ce: ka shiga ruwa da giyabos mai zafi, ya huce farat ɗaya, sai ya ja numfashi ciki, ya zuƙo ruwa. In ka tsallake gulbi, ka buɗe ka duba. Man da ya koma kalar shayi da madara, a juye shi ran nan, kada a kwana.