Dalilin da Ya Sa Ake Zuwa Yankari a Dawo Ba a Ga Giwa Ba

Duk lokacin da hutun Sallah ko na ƙarshen shekara ya wuce, akan ji magidantan da suka kwashi iyalansu zuwa gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauci suna ƙorafin cewa namun daji sun ƙare, domin sun biya kuɗin shiga, sun zagaya a mota, amma ba su ga komai ba sai gwaggon biri da gadu. Wannan magana tana da ɗan ƙamshin gaskiya, sai dai mafi yawanta ta samo asali ne daga rashin bambance gandun daji da gidan zu, inda zaki yake zaune a keji yana jiran mai kallo.

Gandun daji fili ne da hukuma ta keɓe ta hana farauta da noma da kiwo a cikinsa, aka bar dabbobi suna yawo yadda suka ga dama. Faɗin Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ya kai murabba'in kilomita 2,244, alhali giwayen da ake ƙiyasin sun rage a cikinsa ba su wuce 100 zuwa 150 ba, kuma da yake garke-garke suke tafiya, mafi yawan dajin babu giwa ko ɗaya a cikinsa a kowane lokaci. Motar da ta yi zagayen sa'a biyu ɗan tsagi kawai ta gani daga wannan fili.

Babban abin da ke yanke hukunci shi ne ruwa. Da damina kowane kwari yana riƙe da ruwa, ciyawa takan yi tsawon da za ta ɓoye ɓauna, dabbobi kuma su bazu ko'ina saboda babu abin da ke tilasta musu taruwa. Idan rani ya yi nisa, musamman daga watan Janairu zuwa Afrilu, tafkuna sukan ƙafe, ganye ya zube, ƙishirwa ta koro giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza zuwa fadamar kogin Gaji, wanda shi ne jijiyar dajin. Wanda ya je a watan Agusta ya dawo yana cewa babu dabbobi, tamkar mutumin da ya isa kasuwar ƙauye ne ranar da ba ta ci, ya tarar da rumfuna wayam, ya koma gida yana shelar cewa garin ba a ciniki. Haka ma sa'ar fita take, domin dabbobin ƙasashe masu zafi da sanyin safiya da na yamma suke kiwo, da tsakar rana kuwa suna kwance a inuwa, zaki ma yakan shafe mafi yawan yininsa yana hutawa, sai dare ya yi ya fita farauta. Iyalin da suka tsaya karin kumallo da wanka a maɓuɓɓugar Wikki, mai ɗumin digiri 31, suka fita da hantsi da kiɗa a waya da hayaniyar yara, sun sanar da duk dajin zuwansu tun kafin su iso.

Gogaggen jagora ba ya jiran ganin dabbar kafin ya san tana kusa. Kashin giwa mai danshi da ƙudaje ke bi, da reshen da aka karya wanda ganyensa bai yi yaushi ba, da itacen da aka saɓule wa ɓawo, duk shaida ce cewa garke bai daɗe da wucewa ba, kuma yaron da aka nuna wa waɗannan alamu ya ƙaru da abin da keji ba zai koya masa ba.

Raguwar dabbobin kuwa gaskiya ce. Farautar hauren giwa da ta nama da shigar da shanu cikin gandun sun yi ɓarna sosai, zakunan da suka saura ƙalilan ne, kuma tallan da ake yi da hotunan zakuna a gaba-gaba, ba tare da an gaya wa baƙo watan da ya dace ya zo ba, yana cikin abubuwan da ke haifar da ƙorafin.

Dabbar da aka fi gani ita ce aka fi yi wa sakaci. Gwaggon birin da ke sansanin Wikki ya saba da mutane ne saboda ana jefa masa biskit da ayaba don a ɗauki hoto, har ya kai yana fizge leda daga hannun yaro, yana kutsawa ɗakin da aka bari a buɗe. Babban namijinsa yana da fiƙoƙi dogaye da ƙarfin da yaro ba zai iya da shi ba, cizonsa kuma yana buƙatar asibiti cikin gaggawa, alhali tsakanin sansanin da garin Bauci akwai tafiyar fiye da kilomita 100.