Gidan Makama: Inda Rumfa ya zauna kafin ya gina fadar Kano

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ya gifta ta kusa da Gidan Makama, ko ya lura ko bai lura ba. Ido yakan tafi kan fadar Sarki ne da dawakai, alhali wannan gidan ƙasa mai zankwaye da ke daura da ita ya girme ta a tarihi.

Masana tarihin Kano sun ce an gina gidan ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, jikan Sarki Abdullahi Burja, lokacin yana riƙe da sarautar Makama. Da ya hau gadon sarauta a 1463, sai ya gina sabuwar fada, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa, ya bar tsohon gidan ga masu sarautar Makama. Rumfa ya yi mulki har 1499. Shi ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa littafi kan yadda ake tafiyar da mulki.

Bayan jihadi sarautar Makama ta koma hannun Joɓawa, kuma Makama na cikin masu zaɓen sarki tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun yi ofis a gidan na ɗan lokaci. Daga baya aka karkasa shi: wani ɓangare ya zama makaranta, wani gidan zama, wani kuma gidan tarihi ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A nan ake ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan zamanin mulkin mallaka.

Amma a ganina, babu abin kallo a ciki da ya kai ginin kansa. Kana sa ƙafa a zaure za ka ji sanyi ya ratsa ka ko da ana tsakiyar bazara, domin bangon tubali mai kauri yakan shanye zafin rana, ba ya sakin sa sai dare ya yi. Ɗaga kai kuma ka ga inda magina suka nuna gwaninta. Azara, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan faɗin ɗaki ya yi yawa. Sai magina suka riƙa ɗaura gajerun azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, daga bangon nan da na can har su haɗu a tsakiya, sannan a yaɓe su da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, an samu ɗaurin guga. Da wannan dabarar aka rufe manyan soraye ba tare da ƙarfe ko siminti ba.

A Sifaniya ma akwai irin wannan. Fadar Alhamra da ke Garnada, wadda ta kuɓuce wa sarakunan Musulmin Andalus a 1492 Rumfa na kan gado, yawancin katangunta da jar ƙasa aka daɓe su. Yau miliyoyin mutane ke sayen tikitin shiga kallonta duk shekara.

Sai dai kada a ɗauka cewa bangon da ake gani yau shi ne ainihin wanda Rumfa ya jingina da shi. Ginin ƙasa sai da gyara. Kafin kowace damina a duba rufi, a share indararo, a sake yaɓe, a shafa makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina. Abin da ya daɗe shekara ɗari biyar shi ne fili da tsari da hannun magina, uba na koya wa ɗa.

Hannun nan ne ke ƙaranci. Yaran magina da yawa sun koma aikin bulo, marinar da ke ba da katsi ta ragu, azara mai kyau ta yi tsada. Wani kuma ya ɗauka gata ne ya shafe bangon ƙasa da siminti, bai san laima yake kulle wa a ciki ba, har ranar da ɓawon zai ɓamɓaro da rabin bango. Ganuwar Kano, wadda ke jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007, a wurare da dama ta riga ta zama filin shaguna da gidaje.