"Wanga Mashin Ba Ya Kai Ka Achida": Yadda Ake Tace Suka Idan Kana Haɗa Babur Irin Na Da

In ka taɓa ɗauko gawar tsohon babur daga wurin 'yan gwangwan da niyyar tayar da shi, ka san cewa ranar da ka jingine shi a ƙofar gida ranar ce za ka gane kowa a unguwarku bakanike ne. Wani ya ce ɓarnar kuɗi ce, da ka tara ka sayi Boxer ka shiga kabu-kabu. Wani ya kalli tankin da ka fente ya ce kamar tukunyar mai shayi. Wani dattijo kuma ya duƙa, ya daɗe yana kallon waldar da aka yi ƙarƙashin kujera, ya tashi ya ce, "Yaro, wanga wuri bai yi mini ba," ya wuce abinsa.

A kunnenka dukansu abu ɗaya suka faɗa, wato aikinka bai yi ba. Amma biyu daga cikinsu ra'ayi ne, ɗaya kuwa tana iya zama abin da zai hana ka kwanciya a asibiti. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwarka ba ta iya bambance su a daidai lokacin da ake faɗa maka. Bari mu ga dalili.

Me ya sa maganar take zafi haka?

A 2001 Roy Baumeister da abokan aikinsa sun tattara ɗimbin bincike kan halayyar ɗan Adam, suka nuna cewa mummunan abu ya fi kyakkyawa nauyi a zuciya, ko da girmansu ɗaya. Mutum goma su yaba fentinka a kasuwa, ɗaya ya kushe, da maganar ɗayan nan za ka kwana. Wannan ba raunin hali ba ne, haka aka gina mu. A 2003 kuma Naomi Eisenberger da abokanta a Amurka sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, can sai aka daina jefa musu. Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke aiki lokacin da jiki ke jin ciwo ya motsa. Masana na ta muhawara har yau kan iyakar kamannin ciwon biyu, amma ba wanda ke musun cewa jin an ware ka yana taɓa jiki da gaske.

Akwai wani abu kuma da ya shafi mai aikin hannu musamman. A 2012 Michael Norton, Daniel Mochon da Dan Ariely sun ba wasu mutane akwatunan kamfanin IKEA su haɗa da kansu, wasu kuma aka ba su haɗaɗɗu. Da aka tambaye su nawa za su biya, waɗanda suka haɗa da hannunsu sun yarda su biya fiye da sauran da kusan kashi 63 cikin ɗari, alhali akwati iri ɗaya ne. Da aka sa wasu naɗe takarda su yi siffar tsuntsu ko kwaɗo, sun ɗauki nasu karkatattun kusan daidai da na ƙwararru. To kai da ka yi wata shida kana goge tsatsa da yashi da kananzir, kana ganin idonka zai yi wa babur ɗin nan adalci? Ba zai yi ba. Shi ya sa kake buƙatar idon wani, kuma shi ya sa ba ka son jin abin da idon ya gani.

Ba kowace suka ke gyara ba

Kada ka ɗauka za mu ce ka rungumi duk abin da aka faɗa maka. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun haɗa sakamako 607 daga binciken da aka yi kan gaya wa mutum yadda aikinsa yake. Gaba ɗaya dai yana taimakawa, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin lalacewa ya ƙara yi. Bayaninsu shi ne, duk maganar da ta ɗauke hankalinka daga aikin ta mayar da shi kan kanka, cutar da kai take yi. "Kai ba ka iya komai ba" za ta sa ka kwana kana kare mutuncinka. "Sarƙar nan ta yi sako-sako" za ta sa ka ɗauko sifana. Hatta yabo yana iya shiga sahun farko, in ya zama kai ake yabo ba aikin ba.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani ba "wa ya faɗa?" ba ce, ko "da wace fuska ya faɗa?" Tambayar ita ce: za a iya gwada wannan magana? Launi, siffar kujera, ko tankin ya yi kama da na da ko bai yi ba, duk ba su da ma'auni, kai ke da babur. Amma maganar da ta taɓa ƙarfe, iska, birki ko takarda, wannan kimiyya ce, kuma kimiyya ba ruwanta da ko mai maganar yana yi maka hassada. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Inda mai suka ya fi yawan yin gaskiya

Salon da matasa ke gani a intanet, babur mai ƙaramar kujera da hannu can ƙasa, asalinsa Ingila ne a shekarun 1950 da 1960. Samarin Landan da ke taruwa a shagon shayi na Ace Cafe su ne suka riƙa cire duk abin da ke ƙara nauyi don su kai gudun mil 100 a awa, kusan kilomita 160. Wasu ma sun riƙa ɗora injin Triumph a kan firam ɗin Norton. Amma a kan kwalta suke, a ƙasa mai sanyi da danshi. Kai kuwa tsakanin Rabah, Wurno da Goronyo kake, inda rairayi ke jiranka da zarar ka sauka daga titi, zafin Afrilu ya wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta rufe gari.

Ɗauki matatar iska, wadda makanikai ke kira iyakilina. A hotuna za ka ga an cire akwatinta an bar bakin kafireto a buɗe ko da 'yar ƙaramar raga, don ya yi kyau. In bakanike ya ce maka kada ka yi, saurare shi. Injin fetur yana son iska wajen kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Ka buɗe wa iska hanya ba tare da ka canza jet ɗin kafireto ba, mai ya yi ƙaranci a cikin haɗin, wutar ta ƙara zafi. Injin da iska kawai ke sanyaya shi ba shi da inda zai kai wannan zafi, musamman kana tafe a hankali cikin rairayi da giya ta ɗaya. Sannan ga ƙurar kanta. A cikinta akwai ƙwayoyin yashi da suka fi ƙarfen silinda tauri. Suna shiga su gauraya da baƙin mai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye ringi da fistin. Kafin damina babur ya fara hayaƙi.

Abin sha'awa, kamfanin Honda da kansa ya koyi wannan darasi. Injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashe masu tasowa suka ga yadda ake lodi, ake ƙin canza baƙin mai, ake tafiya cikin ƙura, sai suka fito da CG125 a 1975, da inji mai sauƙi da matatar soso da ake wankewa a mayar. Da yawa daga cikin baburan Sin da suka cika kasuwanninmu kwaikwayon wannan inji ne. Wato abin da kake shirin cirewa don ado, an sa shi ne saboda irin hanyarka.

Ba sai ka yi gardama da kowa ba a nan, fulogi zai raba ku. Yi tafiyar 'yan kilomita, ka bari ya huce, ka kwance shi. Bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, mai suka ya yi gaskiya. Ya yi baƙi da toka, mai ya yi yawa.

Sai walda, wadda ita ce ta fi ba mu tsoro. Don a samu gajeriyar kujera, ana yanke bayan firam a sake liƙawa. Ƙarfen da ke gefen walda, wanda ya sha zafi amma bai narke ba, tsarinsa na ciki yana canzawa. Duk ramin da ka faɗa, wurin yana lanƙwasa kaɗan ya dawo, sau dubbai, har wata 'yar tsaga da ido ba ya gani ta fara tafiya. Ba ta yin gargaɗi. Ranar da za ta ƙarasa, wataƙila kana ɗauke da buhun albasa ne ko ƙaninka a baya. Mai waldar da ya ƙware a ƙofa da taga ba lallai ya san wannan ba, domin ƙofa ba ta gudu a kan gargada. Kada a taɓa wurin da shokar baya ke kamawa, ko wuyan da ke riƙe hannu, sai da wanda ya saba aikin firam. Kuma kada ka yi saurin shafa fenti a kan sabuwar walda, fenti yana ɓoye tsaga.

Haka sauke gaba. In ka tsaya ka ja layi a zuci daga wuyan babur zuwa ƙasa, za ka ga layin yana sauka a gaban inda tayar gaba ta taɓa ƙasa, da tazarar wajen santimita 9 zuwa 10 a baburan titi da yawa. Wannan 'yar tazara ce ke sa taya ta miƙe da kanta. Ka sauke gaban sosai, tazarar ta ragu, babur ya yi saurin juyawa, amma hannu yana iya fara rawa in ka yi gudu. Madigadin gaba ma ba don taɓo kaɗai aka sa shi ba, a ƙananan babura yana taimakawa wajen ɗaure ƙafafun gaba biyu. Birki kuwa lissafinsa a fili yake: ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ya tsayar da kai ya ninka sau huɗu, kuma birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin.

Akwai sukar da ba ta cikin littafin injiniya amma a gabashin Sakkwato ta fi kowace muhimmanci. Matsalar 'yan bindiga ta sa babur ya zama abin zargi, har gwamnatocin jihohin arewa maso yamma, da Sakkwato a ciki, suka taƙaita amfani da shi a 2021. In wani ya ce maka kada a goge ko a yanke wurin da lambar firam take, ko ya ce salansar da ka huda tana ƙara da yawa, ba tsoro ne ya yi masa yawa ba. Babur mai baƙuwar siffa, mai ƙara, wanda lambarsa ba ta dace da takardarsa ba, ba abin da kake son yi wa bayani a shingen jami'an tsaro ba ne da magariba. Ajiye rasidin sayen gawar da na injin, ko da a wurin ɗan gwangwan ka saya.

To yaya za ka yi da zafin?

Kada ka amsa nan take. Rubuta abin da aka faɗa, ka cire zagin, ka ga me ya rage. Sau da yawa ba abin da zai rage, shi ke nan ka huta. Wani lokaci kuma za ka tarar da jimla ɗaya mai amfani a cikin baƙar magana. Binciken Ethan Kross ya nuna cewa mutum yana samun natsuwa in ya yi wa kansa magana kamar da wani yake, yana kiran sunansa maimakon "ni". Abin kamar wasa, amma gwada: ka tambayi kanka me za ka ce wa abokinka da shi aka gaya wa haka.

Sannan ka daina tambayar mutane "ya kuka gani?" Wannan gayyatar ra'ayi ce. Je wurin tsohon bakanike da safe kafin gareji ya cika, don a gaban yaransa da masu jira zai fi yi maka ba'a fiye da bayani. Ka ce, "Baba, don Allah in kai za ka hau wannan zuwa Sakkwato, ina ne za ka fara dubawa?" Stacey Finkelstein da Ayelet Fishbach sun gano a 2012 cewa sabon shiga ya fi neman yabo don ya samu ƙarfin ci gaba, ƙwararre kuma ya fi neman a nuna masa kuskurensa. Don haka in babur ɗinka na farko ne, ba laifi ka nemi wanda zai ƙarfafa ka, amma ka raba aikin: aboki ya yaba fenti, Baba ya duba walda.

In ya nuna maka wurin da bai yi masa ba, goge fentin wurin har ƙarfe ya fito, ka ɗiga kananzir, ka bari ya jiƙa, ka share sosai, sannan ka shafa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya zana siririn layi a kan allin. Ma'aikatan jirgin ƙasa sun yi amfani da irin wannan dabara ta mai da alli tun fiye da shekara ɗari da suka wuce don gano tsaga a ƙarafan jirgi. Ka maimaita bayan tafiyarka ta farko mai nisa, sannan a yi fenti.