Hangen nesa: kalmar da ta yi arha a bakinmu

A makon jiya wani ɗalibina ya tare ni a bakin titin Zariya, daidai Gyaɗi-Gyaɗi, ya tambaye ni ma'anar kalmar Ingilishi ta foresight. Na ce masa gaɓa biyu gare ta: fore, wato gaba, da sight, wato gani. Mu kuwa Hausawa hangen nesa muke cewa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan kirarin 'yan siyasa ne." Maganar ta tsaya mini a rai, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Yau ko kwalbati shugaba ya gina, sai a kira shi mai hangen nesa.

Ya kamata mu tantance. Hangen nesa ba duba ba ne, don mai shi ba ya da'awar sanin gaibu. Ya kuma zarce hasashe, wanda yakan tsaya a fatar baki. Mai hangen nesa shi ne wanda ya auna abin da ke gabansa, ya gane inda zai kai, sannan ya yi tanadi. Haka Turawa ke amfani da tasu kalmar: yawanci sukan haɗa ta da aikin da mutum ya yi tun kafin buƙata ta taso. Kishiyarta a wurinsu ita ce hindsight, wadda ta yi kusa da tamu "da na sani", ƙeyar da a baya take.

Kano ta ga misali. Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya gina madatsun ruwa, ciki har da ta Tiga da aka kammala a 1974. Ruwanta ne har yau ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda shinkafa da tumatir ke fitowa zuwa kasuwanninmu. Bayan shekara 50, ana cin moriyar aikin.

To, mu fa? Duk damina muna kuka da ambaliya a Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, alhali da rani mu ne ke cika magudanai da shara da ledar ruwa. Ba na cire kaina. Lokacin da nake ginin gidana, magini ya shawarce ni in ɗaga daɓe in kuma bar wa ruwa hanya. Na ga kuɗin ya yi yawa, na ƙi. Ruwan Agusta ya shiga har ɗakin karatuna, ya lalata littattafan da na shekara ina tarawa.

Saboda haka na ce wa ɗalibin nan ya riƙa yi wa kalmar rowa. Kafin ya kira wani mai hangen nesa, ya tambaya: me ya hango, kuma wane tanadi ya yi? In babu tanadi, hangen Dala ne kawai, ba shiga birni ba.