Shin Ko Kun San? Ƙoda Na Kurmancewa, Ƙashi Ya Ɗanɗana Kuɗarsa

Shin ko kun san cewa a wuyan mutum, a bayan tsokar nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo, akwai wasu 'yan gudajin nama huɗu, kowannensu bai wuce ƙwayar shinkafa ba? Sunansu faratairod. A jikin karkanda aka fara ganinsu, wanda ya mutu a gidan zu na Landan a 1849, wani masani, Richard Owen, ya feɗe shi. Sai a 1880 wani ɗalibin likitanci a Suwidin, Ivar Sandström, ya gano su a jikin ɗan Adam.

Shin ko kun san aikinsu gadin kalsiyam ne a cikin jini? Da zarar ya yi ƙasa, sai su saki wani sinadari, PTH, ya kai wa ƙoda umarni uku: ta riƙe kalsiyam kada ya bi fitsari, ta zubar da fosfet, ta kuma sarrafa bitamin D yadda hanji zai iya tsotso kalsiyam daga abinci.

Ƙoda tana jin wannan umarni ne ta wasu makarɓan saƙo da ke jikin bututunta, irinsu kuma suna nan a ƙashi. A 1991 ne Harald Jüppner da abokan aikinsa a birnin Boston na Amurka suka fayyace ƙirar makarɓin.

To, shin ko kun san ciwon ƙoda yana rage waɗannan makarɓan? Binciken da aka yi a kan ɓeraye masu ciwon ƙoda a shekarun 1990 ya nuna ƙodar tana rage ƙera su. Wani abin mamaki ma, ko da aka cire wa ɓerayen faratairod ɗin, raguwar ba ta tsaya ba. Ke nan laifin ba na yawan PTH kaɗai ba ne, ciwon kansa yana da hannu. Lamarin sai ya koma tamkar mai kiran kurma: yana ƙara ɗaga murya, amsa tana ƙara ƙaranci. Fosfet ya taru a jini, bitamin D ya ragu, gudajin nan su kumbura suna ta kwararo PTH ba dare ba rana. Kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake, don haka can ake zuwa ɗiba. Daga nan sai ciwon ƙashi, da karaya a kan ɗan tuntuɓe, da ƙaiƙayin da ke sa majinyaci susa har fata ta yi jini. Mafi muni, kalsiyam da fosfet su daskare a jijiyoyin jini, su wahalar da zuciya.

Shin ko kun san irin wannan kurmancewa a ƙashi ce ta sa likitoci ba sa neman mayar da PTH ɗin mai wankin ƙoda daidai da na mai lafiya? Ƙa'idar ƙungiyar KDIGO ta 2009 ta ba da shawarar a bar shi tsakanin ninki 2 zuwa 9 na iyakar mai lafiya. In an danne shi fiye da kima, ƙashi ya daina sabunta kansa.

Maganin kama fosfet da ake ba masu ciwon ƙoda kuwa tare da abinci ake shansa, domin a cikin hanji yake aikinsa. Fosfet ɗin lemon kwalba mai launin baƙi da naman gwangwani ya fi na wake da gero saurin shiga jini.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a wurare irin su Gashuwa ta Jihar Yobe, inda ciwon ƙoda ya addabi jama'a, kuɗin wankin ƙoda kaɗai ya isa ya talauta gida, balle a yi zancen gwajin ƙashi. Duk da haka, mai jinyar ɗan'uwa ya daure ya tambayi likita gwajin kalsiyam da fosfet da PTH tun kafin ƙashi ya fara ciwo.