Li'irabi a Wurin Na'ura: Karanta Taskar Kalmomi da aka Rubuta da JSON

Malaman zaure sun daɗe da sanin li'irabi, watau a ɗauki jimla a fayyace matsayin kowace kalma a cikinta. Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya wallafa littafi a kan nahawu, mai suna Bahrul Muhiɗ. Abin da za mu nuna a nan shi ne, aikin da kwamfuta ke yi sa'ad da take karanta bayani li'irabi ne shi ma, kuma mai nazarin karin harshe yana da bukatar sanin yadda ake yinsa.

JSON wani tsarin rubuta bayani ne wanda Douglas Crockford ya yaɗa, aka buga ƙa'idojinsa a 2006. Nahawunsa kaɗan ne, domin abubuwa shida kaɗai ya sani: rubutu, adadi, i ko a'a, babu, jeri, da kuma ƙunshi mai haɗa kowane suna da abin da ke ƙarƙashinsa. A ce mai bincike ya je Maikujera, cikin ƙasar Rabah, yana tattara Sakkwatanci. Zai iya rubuta kalma guda haka:

{"gari": "Maikujera", "kalma": "hwara", "daidaitacciya": "fara", "karin sauti": null}

Kalmar nan ta ƙarshe, null, ita ce babu. Ma'anarta ba a rubuta karin sautin ba tukuna.

To, yaya na'ura za ta fitar da abin da ke ciki? A harsunan tsara aikin kwamfuta akwai wani rukuni da aka gina bisa ƙa'idoji irin na lissafi, kamar Haskell, wanda ya fito a 1990. A cikinsu kowace ƙa'ida tana karɓar abu ta mayar da abu, ba ta taɓa kome a gefe, kuma in an ba ta abu ɗaya sau dubu, amsa ɗaya za ta bayar. Sai a rubuta ƙaramar ƙa'ida mai gane adadi, da wata mai gane rubutu, sa'an nan a harhaɗa su su zama babba mai gane ƙunshi duka. Mai ilmin harshe ba zai ga baƙon abu a nan ba, gama haka Chomsky ya bayyana ginin jimla a 1957: yanki cikin yanki, har a kai ga kalma.

Aikin hawa biyu ne. Na farko, a duba ko rubutun ya bi nahawun JSON. In waƙafi ɗaya ya ɓace, an ƙi shi. Na biyu, a gwada shi da siffar da mai bincike ya shimfiɗa tun farko, misali ya ce lalle kowace kalma ta zo da garinta, amma karin sauti yana iya kasancewa ko ya rasa. A Haskell akwai kayan aiki mai suna aeson da ke yin wannan. In ya tarar da kalmar da ba gari, ba zai yi kintace ba, sai ya mayar da bayanin inda kuskuren yake.

Amfanin wannan tsanani a bayyane yake. Wanda ya tattara kalmomi daga Wurno da Rabah da Goronyo yana son ya san inda kowace siga ta tsaya. Kalmar da ta rabu da garinta ta zama shaidar da ba a san mai ba da ita ba, kuma in ta shiga taswirar karin harshe, sai ta ɓata iyaka.

Sai dai akwai abin da na'ura ba ta iya tsarewa. JSON yana ɗaukar haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba tare da wahala ba. Amma in magatakarda ya buga kafa a maimakon ƙafa, nahawu bai karye ba, siffa ma ta cika, sai kuskuren ya wuce salin alin. Saboda haka malaman da ke horar da ɗalibai su nanata musu ƙa'idojin rubutu kafin su tura su karkara, kuma a sa wanda ya san harshen ya sake duba abin da aka buga kafin a miƙa wa na'ura.