Sawakin: Tashar da alhazan ƙafa ke tsallakawa Jidda, yau ta koma ta raguna

Ranar 12 ga Yuni 2022 wani jirgin ruwa mai suna Badr 1 ya kife a tashar Sawakin ta ƙasar Sudan da tumaki 15,800 a ciki. Jirgin na ɗaukar 9,000 ne, aka danna masa kusan ninki biyu. Ma'aikatan sun tsira, amma tumakin da aka ceto kusan 700 ne kacal. Lokacin da na nuna wa Baba bidiyon a kara, sai ya yi shiru, can ya ce, "Lodi ne ya ci su, irin wanda muke wa tirela." Daga nan ya ce min ai kakansa ta wannan garin ya bi ya tafi Makka a ƙafa. Tun ranar nake bibiyar labarin garin.

Sawakin tana bakin Bahar Maliya, kudu da Fot Sudan da tafiyar kusan awa ɗaya a mota, Jidda kuma tana tsallaken ruwa. Tsohon garin a kan wani ɗan tsibiri yake, kewayayye kamar faifai, a cikin lungun ruwa. Jirgi ba ya isa wurin sai ya bi wata siririyar hanya tsakanin duwatsun murjani. Wannan ya sa iska ba ta damun jiragen da ke ciki, abokin gaba kuma ba ya shigowa kai tsaye. Da dutsen murjanin nan aka gina gidajen garin, benaye masu hawa biyu da uku, da tagogin katako masu sassaƙa.

Marubutan Larabawa sun ambaci garin tun ƙarni na 10. Mutanen yankin su ne Beja, makiyayan raƙuma. Akwai tatsuniyar da ake yi cewa Annabi Sulaiman a nan yake ɗaure aljanu, amma wannan hira ce kawai. Garin ya yi ƙarfi ne a ƙarni na 15, bayan tashar Aizab da ke arewa ta mutu, fatake da alhazai suka juyo nan. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta karɓe shi bayan ta ci Masar a 1517. Abin da ke fita ta tashar ya haɗa da ƙaro, hauren giwa, fatu, zinariya, da kuma bayi. Wannan na ƙarshen ba abin ɓoyewa ba ne, mutane da yawa an sayar da su ta nan.

A 1865 garin ya koma hannun Masar, a 1869 aka buɗe mashigin Suwes, jiragen Turai suka fara wucewa ta ƙofarsa. Kuɗi suka shigo. Sai yaƙin Mahadi ya taso. Usman Digna, ɗan gidan 'yan kasuwar Sawakin ɗin, shi ya jagoranci mayaƙan gabas daga 1883, ya yi shekaru yana tsare hanyoyin garin, amma bai taɓa cin sa ba. Turawan Ingila sun riƙe shi gam, har Kitchener ya yi gwamna a nan daga 1886.

To, ina namu suka shigo? Tun kafin Turawa, mutanen ƙasar Hausa da Borno na bin hanyar gabas ta Wadai da Darfur zuwa hajji. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, jama'a da yawa suka yi hijira, ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu wanda har yau sunansa yake ɗauke da shi. Tafiyar ba ta wata ɗaya ba ce. Mutum zai yi shekara biyar ko goma a hanya, ya tsaya ya yi noma, ya yi ƙodagon auduga a Jazira, ya tara kuɗin jirgi. Idan ya iso Sawakin a killace shi don binciken lafiya, sannan ya tsallaka. Wasu sun rasu a hanya, wasu sun yi aure sun zauna, jikokinsu ne Hausawan Sudan na yau. Mu da aka haifa a Sabo ko Agege mun san yadda "zan yi shekara biyu in koma gida" ke ƙarewa.

Abin da ya kashe garin shi ne abin da ya raya shi da farko. Siririyar hanyar nan ba ta ɗaukar manyan jiragen zamani. A 1905 Turawa suka fara gina sabuwar tasha a arewa, suka buɗe ta a 1909, ita ce Fot Sudan. 'Yan kasuwa suka kwashe ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda unguwa ke mutuwa idan gwamnati ta tashi kara ta kai bayan gari. Ginin murjani kuma sai da yaɓe da kulawa. Da masu gida suka tafi, benayen suka rinƙa zubewa da kansu.

A 1991 aka buɗe sabuwar tasha mai sunan Usman Digna, don fasinjojin Jidda da dabbobi. Har yau a kasuwannin Saudiyya ragon Sudan "Sawakini" ake ce masa, kuma gab da layya ne cinikin ke tashi.

A Disamba 2017 Erdogan ya zo, Umar al-Bashir ya amince Turkiyya ta gyara tsibirin. Masar da Saudiyya ba su ji daɗi ba, don suna zargin sansanin soja ake so a gina daura da Jidda. Turkiyya ta ce gyaran kayan tarihi ne, kuma ta gyara tsoffin masallatan Hanafi da Shafi'i. Ni dai ban ga laifin masu zargin ba, don duk wanda ya zauna a wannan gaɓar yana kallon hanyar da jiragen Suwes ke bi. An tumɓuke Bashir a Afrilu 2019, maganar ta yi sanyi. Yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, gwamnati ta koma Fot Sudan da zama, ta nan ma aka kwaso wasu ɗalibanmu zuwa gida. Yawancin tsibirin har yanzu kufai ne, tarin farin dutse da hasumiyoyin masallatai biyu a tsaye.